Araha Ba Ta Ado, Amma Tana Iya Saiti

Da daminar 2024, masara ta fara goyo a gonakin Zoza, wani gajeren bidiyo ya zaga wayoyin samari. Wani mutumin Turkiyya ne mai furfura, Yusuf Dikec, ɗan shekara 51, yana tsaye a gasar Olamfik ta birnin Paris. Hannunsa ɗaya a aljihu, ɗayan riƙe da ƙaramar bindigar iska, fuskarsa ba komai sai tabarau irin na kowa. Shi da abokiyar harbinsa suka zo na biyu a duniya, aka rataya musu azurfa.

Bayan la'asar na miƙa wa kawuna wayar a majalisa. Tun ba a haife ni ba yake shiga daji, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya ga ya ɗaga bindiga a banza ba. Ya kalla sau biyu, ya mayar mini, ya ce, "Ɗana, ba shi ne ke saitin nan ba, ƙarfen ne. A ba ni bindigar da aka sayar da gona aka saya, a ga ko zan kuskure. Araha ba ta ado."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na yi shiru, don ba a tare numfashin babba a gaban jama'a. Amma maganar ta zauna mini a rai, domin ba kawu kaɗai ke faɗinta ba. Na ji ta a Rogo, na ji ta a Ƙaraye, na ji ta a bakin 'yan boko a Kano: wai saiti kuɗi ne, wai wasan harbi na 'ya'yan masu hali ne, talaka sai dai kallo. Amsar da ban bayar ba ran nan ita ce wannan, kuma ina ba da ita a durƙushe.

Zan fara da inda kawu ya yi gaskiya, don gaskiyarsa ba kaɗan ba ce. Abhinav Bindra, wanda ya fara ciyo wa Indiya zinare shi kaɗai a Olamfik, a Beijin a 2008, ɗan attajiri ne da mahaifinsa ya gina masa wurin harbi a gida. Wanda ya ciyo wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa zinare a Atens a 2004, Shaihu Ahmad Al Maktum, ɗan gidan sarautar Dubai ne. Wanda ya ga waɗannan ya ce wasan na manya ne bai yi ƙarya ba. Bindigar da Dikec ɗin ya riƙe ma ba ta araha ba ce, kayan ƙawa ne kawai ya ajiye.

Akwai kuma gaskiya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Bindigar toka da kawu ya rataya shekara da shekaru tana da iyakar da ƙwarewa ba ta tsallake ta. Cikin bututunta sumul yake. Idan harsashi ya tashi, yana tafe yana bugun gefe da gefe, duk gefen da ya taɓa na ƙarshe shi ke yanke masa inda zai nufa. Albarushin da ido ake auna shi, na yau ya fi na jiya, na damina ya sha sanyi. Ita kuwa bindigar gasa, cikin bututunta akwai zane murɗaɗɗe mai sa harsashi ya fita yana juyawa. Duk wanda ya taɓa kallon tsohuwa tana kaɗi ya san sirrin: mazari muddin yana juyawa a tsaye yake cak, da ya daina sai ya kife. Maƙeran ƙasashen Jamus suka gano haka wajen shekara ɗari biyar da suka wuce. Saboda haka in kawu ya ce ƙarfe ya fi ƙarfe, ba ni da ja.

Inda muka rabu shi ne a kan tambayar nawa ne rabon ƙarfe a cikin saiti, nawa ne rabon mutum.

A dubi yadda gasar take. A harbin doguwar bindigar iska, tsakanin maharbi da takardar bara mita 10 ne kacal, bai kai faɗin wasu tsakar gidajen ba. Ƙwayar dalmar da ake harbawa faɗinta milimita 4.5 ne, nauyinta wajen rabin giram. Tsakiyar takardar, inda ake cin maki goma, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kamar wanda bakin biro ya ɗiga. A tsaye ake harbi, ba jingina, harbi 60 cikin minti 75. Doka ta hana ɗora madubin da ke kusanto da nesa, ta kuma ƙayyade nauyin bindigar kada ya wuce kilo biyar da rabi. Wato masu wasan da kansu sun toshe ƙofofi da yawa da kuɗi zai bi ya shigo.

Idan aka ɗaure bindigar gasa a jikin maƙalin ƙarfe, babu hannun mutum, aka harba sau goma, kusan rami ɗaya za a gani. Ta koyo, wadda kuɗinta bai kama ƙafar na zakarun ba, ita ma in aka ɗaure ta haka tana tara harbinta wuri ɗaya fiye da yadda sabon ɗan koyo zai iya riƙe ta ko da ya shekara yana yi. To a kwance ta a miƙa wa mutum. Idan bakin bindigar ya goce da milimita ɗaya tak a lokacin da dalmar ke fita, kafin ta isa mita 10 gociyar ta wuce santimita ɗaya, maki goma ya koma wajen shida. Milimita ɗaya kuwa bugun zuciya ma yana kawo ta. Numfashi yana kawo ta, yatsan da ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali yana kawo ta, ƙafar da ta gaji tana kawo ta, tunanin bashin da ake bin mutum yana kawo ta. Kuskuren da ke cikin ƙarfen ɗan mitsitsi ne in aka gwada shi da rawar da ke cikin jikin ɗan Adam. Mai kuɗi zai iya sayen maganin na farko a kanti. Na biyu ba a sayar da maganinsa ko'ina.

Abin da ake kira saiti, in aka tsefe shi, maimaici ne. Ƙafa ta sauka inda ta sauka ɗazu, kunci ya kwanta a kan ƙota inda ya kwanta ɗazu, a saki numfashi a tsaya a gaɓar da aka tsaya ɗazu, kuma bayan harbi ya tashi a ci gaba da riƙo kamar bai tashi ba. Mafi yawan wannan ana koyonsa ba tare da an ƙona ko ƙwaya ɗaya ba. Manyan 'yan wasan duniya suna ɓatar da sa'o'i suna ɗaga bindigar da ba komai a cikinta, suna kallon ɗigo a bango. Wannan horo ba ya cin ko kwabo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kawu ya fi kowa sanin haka, da jikinsa ya san shi. Bindigarsa takan yi ɗan jinkiri tsakanin jan kunama da tashin wuta, shi ya sa ya saba da daskarewa bayan ya ja, abin da masu horar da 'yan gasa ke shan wahalar cusa wa yara. Ya san tasa tana ɗan ja hagu, yana biyan ta bashin kafin ta ci. Da ya ga bindigar ba ta kai nesa, bai zauna yana jiran ta Turawa ba, sai ya koyi sanɗa. Maharban ƙasar Hausa har kan burtu suke ɗaurawa a goshi, su durƙusa suna tafe suna gyaɗa shi kamar tsuntsun yana kiwo, har su isa kusa da gada ba ta ankara ba. Mutum ya rarrafa a cikin ƙaya da rana tsaka, zuciyarsa na dukan uku-uku, sannan ya tsayar da hannunsa kamar dutse: wannan fa shi ne abin da ake raba wa lambobi a Olamfik. Ban ga dalilin da kawu zai ɗauki shekarun wahalarsa ya ba ƙarfe kyauta ba.

Ina zaton tushen wannan tunani yana cikin yadda bindiga ta zo mana. Sunanta ma daga Larabci muka aro shi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Irin bindigogin wancan zamani aikinsu ƙara ne da hayaƙi da firgita dawaki, kuma gadon nan ne muke gani har yau a hawan Salla in 'yan bindiga suka ɗirka ƙasa ta amsa. Saiti na gaskiya a wurin masu baka yake. Shi ya sa a garuruwa da yawa har gobe shugaban maharba Sarkin Baka ake ce masa, ko da duk mutanensa bindiga suka rataya. Da Turawa suka zo da bindigogi masu zane a bututu suka ci Kano a 1903, sai ya zauna a zukatan kakanninmu cewa harbi daidai sirri ne da ke cikin ƙarfen Bature. A fagen yaƙi kam ƙarfen ne ya raba gardama. Amma filin wasa ba fagen yaƙi ba ne, a filin wasa an daidaita makamin kowa don a auna mutum.

Wasu kuma sukan kai maganar wani gefen, su ce saiti asiri ne, sai mai kambu da laya. Su da masu cewa kuɗi ne duk jirgi ɗaya ya kwaso su, kowanne ya fitar da gwaninta daga jikin mutum ya rataya ta a wani abu da ake saye.

Labarin Karoli Takacs na ƙasar Hangare ya isa amsa ga duka biyun. Soja ne, gwanin harbin ƙaramar bindiga. A 1938 gurneti ya fashe a hannunsa na dama, hannun da yake harbi da shi, ya lalata shi. Ya koma gida ya fara koyo da hagu a ɓoye. A 1939 ya ci gasar ƙasarsa, a 1948 ya ci zinare a Olamfik ta Landan, a 1952 ya sake ci a Helsinki. Hannun da ya saba ya tafi, saitin bai tafi ba.

Amma misalin da ya fi kama da mu yana Indiya, ƙasar da muka sani ta finafinai. A jihar Uttar Pradesh akwai gundumomin Bagpat da Mirut, ƙasar rake ce da shanu da hanyoyin ƙura, wanda ya san yankinmu zuwa Maƙarfi ba zai ji baƙunta a can ba. A ƙauyen Johri aka buɗe wani ɗan kulob na harbi. A 1999 wata tsohuwa mai suna Candro Tomar, ta haura shekara sittin, ta raka jikarta wurin don yarinyar na jin tsoron zuwa ita kaɗai. Ta ɗauki bindigar iskar don ta ƙarfafa wa jikar gwiwa, sai ga harbi a tsakiya. Ita da faccalarta Prakashi suka ci gaba har suka tara lambobi a gasannin ƙasa, aka yi fim a kansu a 2019 mai suna Saand Ki Aankh. Hannun da ya shekara hamsin yana tatsar nono da yankan ciyawa ba ya rawa. Yaran ƙauyukan nan da ba su da bindigar kansu sukan miƙe hannu riƙe da bulo ko butar ruwa don su saba da nauyi, in layi ya zo kansu su harba da ta kulob. Daga cikin irinsu Saurab Caudari ya fito, ɗan manomi daga ƙauyen Kalina, wanda ya koya a ƙarƙashin rumfar kwano, ya ci zinare a gasar nahiyar Asiya ta 2018 yana ɗan shekara 16. A gasar Paris ɗin nan ma da muka kalli bidiyonta, Swapnil Kusale, ɗan malamin makaranta daga wani ƙauye kusa da Kolhapur, ya ci tagulla a harbin mita 50. Shi wani shirin wasanni na gwamnatin jiharsa ne ya ɗauke shi tun yana yaro.

Ƙasar da ta haifi Bindra ɗan attajiri ita ce ta haifi waɗannan. Bambancin shi ne bindiga ɗaya ta wadaci yara ashirin in akwai tsari.

A nan dole in taka birki, domin na san yadda wasu samari za su fassara maganata. Za su ce tunda araha na iya saiti, bari mu je wurin maƙeri ya haɗa mana tamu. A'a. Ina girmama maƙeranmu, su suka riƙe noma da garma da lauje da magirbi, kuma hannunsu na da basirar da ba a koya a aji. Amma bututun da zai jure matsin wuta ya kuma ajiye harsashi wuri ɗaya aikin injin ma'aikata ne da ƙarfen da aka gwada, irin wanda don shi gwamnati ta kafa ma'aikatar makamai ta Kaduna a 1964. A garuruwa da yawa a ƙasar nan akwai wanda ya rasa yatsu ko ido saboda bindigar gida ta fashe masa. Wannan arahar ita ce wadda karin maganar kawu ta hana, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Ga kuma doka. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai na yaƙi da aka haramta wa farar hula sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na farauta da na wasa, har da bindigar iska, waɗanda lasisinsu ke hannun babban sufeton 'yan sanda. Akwai irin namu na ɗure ta baki, su ma sai da izinin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera kowacce ba tare da izini ba laifi ne na ɗauri. Mu kuwa a ƙaramar hukumar Rogo muna zaune ne a bakin iyakar Katsina da Kaduna, mun san abin da bindigar da ba ta da rajista ta jawo wa maƙwabtanmu. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe matafiya 16, yawancinsu maharba 'yan jihar Kano masu komowa gida yin Salla, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Allah ya ji ƙansu. Zalunci ne tsagwaronsa aka yi musu, kuma ya nuna mana irin idon da ake kallon ɗan Arewa da bindiga a yau. Duk wanda ke son wasan harbi ya yi rai a ƙasarmu, to ya so shi a fili, da takarda, da sanin hukuma.

Abin da nake hange ba babba ba ne. Zauren taro na makarantar sakandare ɗaya, a Rogo ko a Ƙaraye, wanda tsawonsa ya ɗan haura mita 10. Bangon buhunan yashi a baya. Bindigar iska ta koyo guda ɗaya ko biyu, da sunan makaranta ko ƙaramar hukuma aka yi musu lasisi, suna kwana a kulle a ofishin 'yan sanda. Gwangwanin dalma, wanda 500 ke zuwa a ciki. Malami ɗaya da aka tura ya koyo ƙa'idojin tsaro da na gasa, da dattijon maharbi ɗaya a gefensa mai koya wa yara haƙuri. Masarautar Ƙaraye tana da madatsar ruwan Challawa da gonaki da maharba, tana da mutuncin da in ta sa baki iyaye za su saki jiki. A bar 'yan mata su shiga da malamarsu, don a harbin bindigar iska makin mata yana kafaɗa da kafaɗa da na maza a gasannin duniya, kuma ana yin sa a rufe ruf, ba gudu ba tsalle. Kafin takardun su fito ma ba sai an zauna ba: baka da kibiya suna nan, su ma wasan Olamfik ne, kuma tsayuwa da numfashi da sakin tsirkiya duk darasi ɗaya ne da na bindiga. Yaron da ke kakkaɓo mangwaro da danƙo daga nesa ya riga ya fara aji ɗaya bai sani ba.

Addini ma bai bar mu a baya ba a nan. Malamai sun san hadisan da suka kwaɗaitar da koyon harbi suka kuma zargi wanda ya koya ya watsar, sun san harbi na cikin wasanni ukun da aka yarda a sa musu kyauta, tare da tseren doki da na raƙumi. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da gwanintar harbi aka san shi, kuma baka ce a hannunsa ta itace da tsirkiya.

Kuɗi yana da ranarsa, ban musa ba. In yaro ya kai inda ake rabuwa da kashi ɗaya cikin goma na maki, to zai buƙaci rigar gasa mai tauri, da zaɓaɓɓiyar dalma, da bindigar da aka auna da jikinsa, da kuɗin jirgi. Wannan nauyin jiha ne da hukumar wasanni, kuma a kan yaro ɗaya ko biyu zai faɗa, ba a kan ɗari ba. Nijeriya ba ta taɓa cin lambar Olamfik a harbi ba. Ban yarda cewa rashin masu ido da natsuwa ne ya jawo ba, alhali ga su nan suna bin zomo a bayan gari. Abin da ke damuna da maganar kawu shi ne tana rufe ƙofar tun daga zaure. Yaro ya ji dattijon da ya fi kowa iya harbi a garin ya ce abin na masu kuɗi ne, shi ke nan ba zai ƙara tambaya ba.

Bayan an yi girbi na same shi shi kaɗai a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ina da magana a kan bidiyon nan, in ka ba ni izini." Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sai ya ce in nuna masa girman ɗigon da nake faɗa. Na ɗiga biro a bayan takardar magani, na manna a jikin katanga da ƙaya. Ya tashi ya ƙirga taku goma sha uku, ya juyo, ya ɗaga ƙotar fartanyar zuwa kafaɗa, ya kwantar da kuncinsa a kanta. Na tsaya a gefe ina kallon bakin itacen. Na ƙirga har goma sha biyar a zuciyata ban ga ya motsa ba.

Ya sauke, ya ce, "Ɗigon ba ya ganuwa daga nan." Na ce ai su ma ba shi suke gani ba, baƙin da'irar da ke kewaye da shi suke sa wa ido. Ya yi shiru, sannan ya ce in zana masa da'irar da gawayi daidai girmanta, in kuma kira masa jikokinsa biyu da ke wasa a bakin rijiya.